Miyar da Na Dafa wa Oma Mina a Holan

Ɗakin da na kama tun ina Keffi, da na isa ƙasar Holan sai na tarar babu shi a duniya. Titin yana nan, lambar gidan ma tana nan, amma shagon gyaran keke ne. Mai shagon ya karɓi wayata ya dubi hoton ɗakin, gado da labule da tagar da na yi ta nuna wa 'yan gidanmu, ya girgiza kai ya ce ba ni ne na farko da ya zo masa da wannan hoton ba. Na kira dillalin, lambar ta daina shiga. Na tsaya a bakin titi da akwati biyu, ɗaya na tufafi, ɗaya na yaji da daddawa da kuka, ana yayyafi, masu kekuna suna ta kaɗa mini ƙararrawa don ashe a kan hanyarsu na tsaya.

Wanda ya cece ni Bitrus ne, ɗan unguwar Jigwada da muka yi sakandare tare, yana aikin lodi a wani gari kusa. Da ya ji labari sai da ya gama dariyarsa tukuna.

"Kai Habibu, dem don chop you! Ɗan unguwar Liman Abaji guda, ɗan kasuwa, a yi maka wayo ta waya? Taho, gado dai babu, amma akwai ƙasa."

A ƙasan ɗakinsa na fara kwana. Sai dai tun ranar farko ya gaya mini gaskiya. Mai gidansa bai yarda da baƙo ba, in ya gane, mu biyu za mu kwana a tasha. "Kuma ka sani," in ji shi, "a ƙasar nan in ba ka da adireshin da hukuma ta sani, kai ba mutum ba ne. Makaranta za ta tambaya, banki zai tambaya. Ga sanyi yana tafe, kuma ba irin wanda ka sani ba ne."

Na zo ne karatun sarrafa ruwan noma, bayan shekarun da na yi ina malamin gona a ƙaramar hukuma. Duk unguwarmu an san na tafi. In na rasa ɗaki, karatun ya tashi, sai in koma gida da akwatin yajina ban buɗe ba. Wannan tunanin ya fi yunwa damuna.

Wata ma'aikaciya a makaranta ce ta ji tausayina, ta haɗa ni da wata tsohuwa mai ɗaki a saman gidanta. Sunanta Mina, amma kowa a layin Oma yake ce mata, wato Kaka. Ta haura tamanin, doguwa, ba ta da ƙiba ko kaɗan, idonta kamar na shugabar makaranta. Ranar da na je, 'yarta Marit tana nan, ita ma ta manyanta, kuma fuskarta kaɗai ta gaya mini ba ta so a sa wa uwarta baƙon namiji daga wata duniya. Aka zuba mini shayi. Oma Mina ta buɗe wani gwangwani ta miƙo, na ɗauki biskit guda ɗaya don kunya, da niyyar in an matsa mini in ƙara. Kafin in kai shi baki, ƙwas, ta rufe gwangwanin ta mayar kan kanta.

Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. A gidanmu baƙo ko na minti biyar ne sai Inna ta aika a kamo kaza, in ya ce ya ƙoshi a ce ya raina mu. Na ce a zuciyata, yau na shigo gidan rowa. Amma mai neman wurin kwana ba ya zaɓen tabarma. Marit ta ce wata guda na gwaji, in uwarta ta gamsu a yi mini rajista a gidan, in ba ta gamsu ba in nemi wani wuri. Na ce na gode har sau nawa ban sani ba.

Gidan shiru ne irin wanda ke shiga kunne. Ba kiran salla, ba kukan akuya, ba mai tallar koko, ba ɗan acaɓa da ke zagin wani a bakin layi. Da safe in na gaida maƙwabci na tambayi iyali da gajiya da kwanan yara, sai ya tsaya yana kallona kamar na zo karɓar haraji. Na yi kewar gida har na fara kewar ƙarar janareton maƙwabcinmu, abin da na yi shekaru ina tsine wa.

Abin da ya hana ni haukacewa tambaya ce. Ni dai tun ina yaro Baba yake cewa bakina ba ya rufuwa. A bangon matakala akwai wani tsohon hoto na wannan layin namu, ba itace ko ɗaya, tagogi an toshe da kwali, yara sun tsaya da ƙafafu kamar sillen kara. Oma Mina ta ce bayan yaƙin duniya na biyu aka ɗauka, itatuwan an sare an yi makamashi, har katakon layin dogo mutane sun tone. Na leƙa taga na dubi layin yadda yake yau, ko ƙwayar leda babu a ƙasa. Sai abin ya tsaya mini a rai. Mu da ba a jefa mana bam ba, kwalbatin bakin gidanmu an yi kansila uku ana alkawarinsa.

"Oma, wa ya gyara muku ƙasar?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Kai kullum wa, wa. Ka ɗauka mutum ɗaya ne ya ɗauki tsintsiya?"

Ban bar ta ba. Kullum da yamma in muka haɗu a kicin sai na jefa mata ɗaya, ita kuma da Turancinta na tsofaffi tana ba ni kaɗan-kaɗan, kamar biskit ɗinta. Ta ce an gama yaƙi amma an daɗe ana sayen sukari da tufafi da takardar rabo. Ta ce gidaje sun yi ƙaranci har hukuma ta riƙa shiga gida tana duba ɗakuna, duk mai ɗakin da ya fi buƙatarsa a sa masa wasu iyali, ko yana so ko ba ya so. Su ma haka aka kai su gidan wata mata da ba ta taɓa yi musu murmushi ba. Ma'aikata kuma suka yarda albashi ya tsaya wuri ɗaya a gina masana'antu tukuna.

"Kuma mutane suka yarda? Ba a yi bore ba?"

"An yi gunaguni. Mu gwanayen gunaguni ne. Amma shugaban gwamnatin da muka samu a lokacin, gidansa irin wannan ne, a layi, bango ɗaya da maƙwabci. Da ƙafa yake zuwa ofis, ko ya hau motar haya. Shi ya fara sa a ba tsofaffi kuɗin tsufa, har kakata tana kiransa Baba, alhali ta girme shi. Da wuya ka ce wa irin wannan mutumin ya cuce ka."

Sai ta ba ni labarin da ta ce kowane ɗan ƙasar ya sani. Wai manyan Amurka sun zo duba ko za su ba da tallafin sake gina ƙasa, aka kai su gidan shugaban, matarsa ta kawo musu shayi da busasshen biskit. Da suka fito sai suka ce wa juna, ƙasar da shugabanta ke zaune haka, kuɗinmu ba zai salwanta ba. "Wasu sun ce ƙari aka yi," in ji ta. "Amma ko ƙarya ce, ka dubi irin ƙaryar da muka zaɓa mu yi alfahari da ita."

Marit, da ta zo ranar Lahadi ta ji muna zancen, ta ce, "Ta gaya maka a zamaninsa aka tura samari yaƙi a ƙasar da muke mulka a Asiya, don kada su samu 'yanci? Har da yayanta." Oma Mina ba ta musa ba. Ta ce haka ne, ya dawo bai ƙara zama mutum sosai ba, sannan ta tashi ta hau wanke kofuna. Nan na gane su ma tuwonsu akwai tsakuwa.

Na ba Baba labarin biskit ta waya. Baba albasa yake sayarwa a kasuwar Keffi tun kafin a haife ni, kuma ba a zancen siyasa a rumfarsa bai sa baki ba. Sai ya ce, "To mu nan in ciyaman ya ba baƙo biskit ɗaya, mu da kanmu za mu ce matsiyaci ne, kada a sake zaɓensa. Ka ƙara tambayarta, Habibu, matambayi ba ya ɓata."

Watan gwaji ya zo ƙarshe ban san matsayina ba. Tsohuwar ba ta yabo, ba ta zagi. Bitrus kuma ya kira ya ce mai gidansa ya ja masa kunne, ƙasan ɗakin nan ma babu ita yanzu. Sai na yi tunani irin na gida, cewa wanda ya ci abincinka da wuya ya kore ka. Na gayyaci Oma Mina da Marit cin shinkafa da miya ranar Lahadi, ranar da za a yanke hukunci.

Tun zuwana ta ce mini dankali da albasa suna ɗan ɗakin katako na bayan gida inda take ajiye keke, in ɗiba in na so. Ban taɓa ɗiba ba sai ranar. Na shiga na ga dankali a buhu, can sama a kan kanta kuma ga wasu 'yan ƙananan albasa an jera su a kan jarida, ɗaya ba ta taɓa ɗaya, yadda Baba ke shanya tasa in yana tsoron ruɓa. Na ce lallai tsohuwar nan ta san darajar albasa. Miyarmu kuwa ba a yi mata rowar albasa, don haka na kwashe fiye da rabi.

Na lura, kada a ce ban lura ba. Ɓawon ya yi santsi da yawa, kan ya yi tsini, na yanka ban ji wari ba, idona ko ƙaiƙayi bai yi ba. Amma a ƙasar da tumatir ba shi da ɗanɗano, naman kaza kamar auduga, barkono kuma yaro zai tauna, me zai hana albasa ita ma ta zama mai ladabi? Na zuba a mai, ta ƙi yin ƙamshi, sai danƙo. Na ce ba komai, na rufe ta da yaji da daddawa, miya ta yi kauri har ina yaba wa kaina.

Su da wuri suke cin abincin yamma, rana ba ta faɗi ba muka zauna. Ni yunwa ta ci ni, na yi bisimilla na kama aiki, har na yi nisa. Marit tana ta hura cokalinta tana tsoron yaji. Oma Mina ta kai loma ɗaya, ta tauna, sai ta tsaya. Ta sa yatsu ta fiddo wani farin yanki daga bakinta ta ajiye a gefen faranti tana kallonsa. Fuskarta ta canza, ba irin ta wanda yaji ya kama ba.

"Habib, a ina ka samo wannan?"

"A ɗakin baya, Oma. Albasar da ke kan jarida."

Ta tashi ta fita bayan gida ko rigar sanyi ba ta ɗauka ba. Ta daɗe. Da ta dawo ba ta dubi kowa ba, ta kama ƙarfen matakala ta hau sama, muka ji ta rufe ƙofa.

Marit ce ta yi mini bayani. Ba albasa ba ce. Kawunan furen da suke kira tulip ne, waɗanda ake tonewa da rani a shanya, a mayar ƙasa in sanyi ya kusa. Kuma ba na kasuwa ba ne. Mahaifinta, mijin Oma Mina, shi ya yi shekaru yana haɗa irinsu da hannunsa har ya samu wani launi da ba a sayarwa ko'ina. Tun rasuwarsa uwarta ke tonewa tana mayarwa duk shekara. Marit ta kira likita ta waya, aka ce in sha ruwa da yawa, cikina zai yi ciwo amma ba zan mutu ba. A lokacin da an ba ni zaɓi, da ban tabbata wanne zan ɗauka ba.

"Ina jin ka san amsar gwajinka," in ji ta, ta ɗauki jakarta.

Likita bai yi ƙarya ba, cikina ya biya bashin abin da bakina ya ci. Da gari ya waye na kira Baba, don ban san wanda zan gaya wa ba. Na ji ya maimaita wa mutanen rumfa, na ji dariya ta tashi har da masu tafi.

"Ɗan mai albasa! Malamin gona! Lallai albasa ba ta yi halin ruwa ba." Da ya nutsu sai muryarsa ta sauka. "Ka ji ni, Habibu. Kayan mamaci ka taɓa. Ka je da ƙafarka ka durƙusa ka ba ta haƙuri, ban da dogon bayani. In ta kore ka, ta yi daidai, Allah zai buɗa wata ƙofar."

Na haɗa akwatunana na sauko da su bakin ƙofa, ban san inda zan kai su ba. Na same ta a kicin tana zaune, shayinta ya huce a gabanta. Na durƙusa har ƙasa kamar yadda zan yi a gaban kakata.

"Wani abu ka yar?" ta ce.

"A'a, Oma. Haka muke ba babba haƙuri a garinmu."

"To tashi, gwiwoyina suna ciwo in na gan ka haka. Zauna." Na zauna. Ta daɗe tana juya kofin. "Ka cire zuciyar kafin ka dafa?"

Ban gane ba. Ta ce a tsakiyar kowane kai akwai ɗan tsiro rawaya, shi ke da ɗaci, shi ke murɗa ciki. Mahaifiyarta da tsinken gashi take cire shi.

"A sanyin ƙarshe na yaƙin, sojojin mamaya sun tare hanyar abinci. Ba burodi, ba dankali, ba gawayi. Manoman fure ba su samu shukawa ba, sai aka fito da kawunan ana sayar wa mutane. Mun ci a dafe, mun ci a gashe, an niƙa an yi mana wani abu wai shi burodi. Ina ƙarama, amma harshe ba ya mantuwa. Ina da ƙane, Pim, shi ya ƙi ci. Uwarmu ta yi lallashi, ta yi duka, ya rufe baki. Bai ga ƙarshen sanyin ba." Ta ɗago ta dube ni. "Jiya da na hau sama ba don furen mijina ba ne. Pim na gani zaune a teburin. Fushin furen daga baya ya zo, kuma yana nan, kada ka ɗauka ya tafi."

Wata guda ina neman ta gaya mini yadda aka yi, ashe abin da na ɗauka labarin shugabanni ne, a cikin bakinta yake. Kunya ta rufe ni, da tausayi, da tsoron inda zan kwana, duk a lokaci ɗaya.

Ta dafa tebur ta miƙe. "Sa takalminka. Ɗauko abin da ka rage."

Na ɗauko jaridar da sauran kawunan, 'yan kaɗan, abin tausayi. Ta kai ni wani ɗan fili a jikin katanga, ta miƙo mini ƙaramin shebur. Iska tana yanka kunne, ƙasar baƙa ce, jiƙaƙƙiya, sanyinta har cikin ƙashi. Ta ja kujera ta zauna, ta ce bara da ƙyar ta tashi bayan ta durƙusa a nan, bana ba ta san yadda za ta yi ba.

"Ka ce kai malamin gona ne, to mu gani. Zurfin tafin hannu da rabi. Ka ba su tazara, za su yi 'ya'ya a ƙasa." Na fara haƙa, tana bin hannuna da ido. "Kana ta damuna da wa ya gyara ƙasa. Shugaba ya yi nasa, ban hana shi ba. Amma abin da na gani da idona shi ne, da aka gama yaƙi, manoman nan suka tattara ɗan abin da ba mu cinye ba suka mayar ƙasa, da yunwarsu da komai. Ba wanda ya ɗauke su hoto."

Na sa na farko a rami na rufe. Na sa na biyu. Sannan na yi ƙarfin hali, ban ɗago kai ba.

"Oma, akwatunana suna bakin ƙofa. Marit ta ce..."

"Marit tana da gidanta." Ta gyara mayafin wuyanta. "Waɗannan ba sa fitowa sai sun sha sanyin nan tun daga farkonsa har ƙarshensa. Gobe za mu je ofishin hukuma a rubuta sunanka. Ba za ka bar gidan nan ba sai ka tsaya a nan ka ga da idonka abin da ka cinye."

Daɗi ya kama ni. Na so in yi godiya irin ta gida, mai tsawo, da addu'a har zuriya. Amma sai na ƙara sunkuyar da kai na ɗauki na gaba na cusa a rami.

"Habib," ta ce, ta nuna da sandarta. "Ka sa shi a kife. Tsinin, sama yake kallo. Tone ka gyara."